Wa Zai Kaɗa Abin da Aka Rubuta wa Fiyano?

A shekarar 1985 György Ligeti, ɗan ƙasar Hangari mai tsara kiɗa, wanda a lokacin yake koyarwa a birnin Hambug na Jamus, ya fitar da gajerun kaɗe-kaɗe shida da ya rubuta wa fiyano, ya kira su darussa. Yana da shekara 62, kuma duniya ta san shi ne da manyan ayyuka na taron makaɗa da mawaƙa, irin waɗanda Stanley Kubrick ya sa a fim ɗinsa na sararin samaniya a 1968. Na farko cikin shidan, mai suna Désordre, bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ƙa'idarsa ko yaro zai riƙe: hannun dama ba ya taɓa komai sai fararen maɓallai, na hagu ba ya taɓa komai sai baƙaƙe. Hannayen biyu sukan tashi tare. Can sai a riƙa rage wa na dama bugu ɗaya lokaci zuwa lokaci, ya soma yi wa na hagu nisa, tazara tana ƙaruwa, har mai sauraro ya rantse mutum biyu ne ke kiɗa, kowa da nasa saurin. Alhali mutum ɗaya ne, kuma ɗan ƙaramin bugun da ke gudana a ƙarƙashin komai bai canja ba ko kaɗan. Shekara guda bayan haka aka ba shi lambar yabo ta Grawemeyer saboda waɗannan shidan. Zuwa 2001 ya kai su 18, kuma yau sun zama ma'aunin da ake gwada gwanintar matasan makaɗa da shi a manyan makarantu da gasanni.

Idan Bahaushe ya ji an ce fiyano, hankalinsa kan tafi ga na'urar lantarkin nan da ake haɗa waƙoƙin fim da ita a situdiyon Kano da Kaduna. Wanda nake magana a kai shi ne kakanta, akwatin katako da ƙarfe mai maɓallai 88, farare 52 baƙaƙe 36, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro asalinsa a Italiya wajen shekarar 1700. Babu lantarki a cikinsa. In ka danna maɓalli, 'yar guduma ce lulluɓe da ulu ke tashi ta doki tsirkiyar ƙarfe ta koma mazauninta. Tsirkiyoyin sun haura 200, kuma jan da suke yi wa ƙarfen da ke riƙe da su ya kusa tan 20. Al'adar da ta girma tare da wannan kayan kiɗa ta rubutu ce: wani ya zauna ya tsara kiɗan a takarda, sauti bayan sauti, wani dabam ya karanta ya kaɗa, watakila bayan shekara ɗari, watakila a wata nahiya.

Wannan rabuwa tsakanin mai rubutawa da mai kaɗawa ita ce ƙarfin al'adar, kuma ita ce rauninta. Makaɗin kalangu shi ke ƙirƙira, shi ke bugawa, kiɗansa na tare da shi duk inda ya sa ƙafa. Mai tsara kiɗan fiyano kuwa, in bai sami wanda zai kashe watanni yana horar da yatsunsa a kan takardarsa ba, abin da ya rubuta tawada ce kawai. A nan hujjata take. Cikin shekaru sittin da suka wuce, mafi kyawun abin da aka rubuta wa fiyano ya karkata ga bugu da saƙar lokaci, fagen da Afirka ta daɗe tana da gwanaye. 'Yan Afirka, ciki har da 'yan Nijeriya, sun rubuta ayyuka masu nauyi a wannan fage. Abin da ya hana a san su ba ƙarancin basira ba ne. Sun rasa hannayen da za su ɗauki aikinsu su kai shi gaban jama'a, sau da yawa, shekara bayan shekara.

A ƙarni na 19, burin kowane babban makaɗi shi ne ya sa fiyano ya yi kamar yana rera waƙa. Chopin ya riƙa tura ɗalibansa su je su saurari mawaƙan Italiya. Duk dabarar yatsa da ta feda an gina ta ne don a ɓoye gaskiyar cewa guduma ce ke dukan ƙarfe, kuma sautin yana soma mutuwa tun daga lokacin da aka haife shi. Ƙarni na 20 ne ya daina jin kunyar gudumar. Béla Bartók ya rubuta Allegro barbaro a 1911, sannan a 1937 ya haɗa fiyano biyu da ganguna a aiki ɗaya, shi da matarsa Ditta suka kaɗa. John Cage na Amurka ya wuce nan. Wajen 1940, a Siyatil, wata 'yar rawa baƙar fata mai suna Syvilla Fort ta buƙaci kiɗa, dandalin kuma ba shi da filin da za a jera masu ganguna. Sai Cage ya cusa kusoshi da noti da tsummoki a tsakanin tsirkiyoyi, fiyano ɗaya ya koma kamar taron ganguna da ƙararrawa a ƙarƙashin yatsun mutum guda. A 1967 Steve Reich ya rubuta Piano Phase, na fiyano biyu. Makaɗan biyu suna maimaita zubi ɗaya mai sauti 12. Ɗaya ya riƙe saurinsa, ɗayan ya ɗan ƙara kaɗan-kaɗan har ya sha gaba da sauti ɗaya, ya tsaya a nan, sannan ya sake ƙarawa, haka har su zagayo su haɗu. Babu sabon sautin da aka ƙara, amma kunne na ta jin sababbin kari suna fitowa daga karon zubin da kansa. Shekara uku bayan haka Reich ya tafi Jami'ar Gana da ke Legon ya zauna gaban makaɗan ƙabilar Ewe yana koyo.

Ligeti kuwa bai je ba, faifai ne ya zo masa. A 1982 wani ɗalibinsa ɗan Puwato Riko, Roberto Sierra, ya sa masa kiɗan ƙahonin mutanen Banda-Linda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda masani Simha Arom ya naɗa. A wannan kiɗa kowane mai busa sauti ɗaya tak yake da shi. Ba wanda ke riƙe da waƙar. Tana fitowa ne daga yadda kowa ke sako nasa sautin a gurbin da sauran suka bar masa. Abin da Ligeti ya ɗauka ba karin wata waƙa ba ne, tunani ne: a shimfiɗa ƙaramin bugu mai sauri wanda ba ya sauyawa, a ɗora masa zubi masu tsawo daban-daban, sai kunne ya ji kamar agogo uku ko huɗu na tafiya lokaci guda. Bai ɓoye bashin ba. Ya faɗa a rubuce, ya ambaci Chopin da Debussy da Conlon Nancarrow da makaɗan jaz a jeri ɗaya da Afirka ta Tsakiya, shi ne ma ya rubuta gabatarwar littafin Arom a fassararsa ta Ingilishi ta 1991. Don haka ni ban yarda da masu kiran abin sata ba. Akwai dai abin da ke sosa rai. A 2003 makaɗin Faransa Pierre-Laurent Aimard ya fitar da faifai da ya haɗa ayyukan Ligeti da Reich da waƙoƙin mutanen Aka na Afirka ta Tsakiya. A bangon faifan, Ligeti da Reich da Aimard kowa da sunansa, mawaƙan Aka kuwa da sunan ƙabila aka kira su. Haka tsarin yake aiki ko da babu mai mugun nufi.

Tun kafin faifan Arom ya isa kunnen Ligeti, wani ɗan Legas ya riga ya shiga wannan hanya ta ƙofar gida. Akin Euba, wanda aka haifa a 1935, ya yi karatun fiyano da tsara kiɗa a Landan, ya ƙara a Kalifoniya, sannan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Gana a kan dundun, gangar Yarbawa mai magana, 'yar'uwar kalangunmu. Shi ne ya yaɗa ra'ayin cewa akwai salon fiyano irin na Afirka. Hujjarsa ita ce fiyano, tun da duka ake yi, ya fi kusa da jerin ganguna da kiɗan katakai da molon yatsa fiye da yadda Turawa suka ɗauka, saboda haka ɗan Afirka na iya tunani a kansa da dabarun gida: maimaici mai ma'ana, karon zubi biyu, kira da amshi, bin hawa da saukar harshe. Aikinsa na 1970, Scenes from Traditional Life, ya fi burge ni saboda bai bi hanya mai sauƙi ba. Bai ɗauko waƙar gargajiya ya yi mata kwalliya da jituwar sautin coci ba. Ya yi amfani da sautuka masu karo da juna irin na sabon salon Turai, ya bar bugun shi kaɗai ya faɗi inda kiɗan ya fito. A 1987 ya rubuta wasu darussa uku da ya kira Wakar Duru, waɗanda suka fi sauƙin shiga kunne. Ya ƙare aikinsa yana farfesa a Jami'ar Fitsbag ta Amurka, ya rasu a 2020.

Sa'ansa Ayo Bankole a Jos aka haife shi, shi ma a 1935. Ya yi karatu a Landan da Kambirij, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon Nijeriya da Jami'ar Legas, ya bar ayyukan fiyano da suka haɗa da Nigerian Suite da wata doguwar sonata da ya gina a kan labarin wahalar Almasihu. An kashe shi tare da matarsa a Legas a 1976, yana da shekara 41, a daidai shekarun da mai tsara kiɗa ke fara nuna. In an tuna cewa Ligeti sai da ya haura sittin ya rubuta Désordre, za a gane girman asarar.

Wanda ya fi cika burin Euba a ganina shi ne Joshua Uzoigwe, ɗan Umuahiya, wanda ya rayu daga 1946 zuwa 2005. Ya yi karatu a Nsukka da Landan da Belfas, bincikensa kuma a kan ukom ne, jerin ƙananan ganguna na Ibo da ake daidaita muryoyinsu daga ƙasa zuwa sama, ana kaɗa su a jana'izar mata masu daraja. Ya zauna da makaɗan ukom, ya koyi yadda suke gina kiɗa daga ɗan gajeren zubi, suna juya shi suna faɗaɗa shi ba tare da sun rabu da shi ba. Wannan ilimin ya zuba a aikinsa Talking Drums. A kashin da ya kira Ukom, hannun hagu na riƙe da gindin kiɗan kamar ƙaramin makaɗi mai biyayya, na dama yana zance a kansa, yana tsokana, yana kaucewa yana dawowa. A wani kashin, Egwu Amala, kowace gaɓa bugu 19 ce, lissafin da ke ba makaɗin da ya tashi a kan Mozart wahala, amma da zarar ya zauna a jiki sai a ji rawa ce kawai. Na saurari wannan aiki kusa da darussan Ligeti, ban ji ɗaya ya rusuna wa ɗaya ba. Na Ligeti ya fi ruɗa ƙwaƙwalwa. Na Uzoigwe ya fi sanin abin da jiki ke yi da bugu, domin daga cikin rawar ya fito, ba daga kallonta ba.

Akwai ƙorafi biyu da ya kamata a saurara da kyau. Na farko na masanin kiɗa ɗan Gana ne, Kofi Agawu, wanda tun 1995 yake gargaɗi cewa yawan jingina Afirka da bugu wata ƙirƙira ce ta masu kallo daga waje, wadda ke mayar da nahiya guda ta zama ganga, a manta da karin murya da jituwa da kalmomi. Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya san goge ko gurmi ko waƙar fada ya san bugu kashi ɗaya ne kawai na abin. Na biyu ya fi tsanani, domin yana cikin ƙirar kayan kiɗan. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ko ya sauka bayan gula ta riga ta doki fata, shi ya sa yake iya bin faɗuwar muryar Hausa har a gane take. Fiyano ba ya iya wannan. An raba masa sautuka 12 a kowane zango, an ɗaure su, da zarar guduma ta doka babu lanƙwasawa. Fiyano yana iya nuna siffar magana, ba ya iya maganar. Mai tsara kiɗan da ya manta da wannan zai ƙare da kwaikwayon da bai kai asali ba. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka bar gangar a inda take, suka ɗauko hanyar tunaninta. A nan Uzoigwe da Ligeti suka haɗu, kowa daga tasa kusurwar.

Me ya sa ɗaya ya cika duniya, ɗaya kuma sai an tona? A duba tarihin kowane shahararren aikin fiyano na wannan zamani, za a tarar da wani makaɗi tsaye a bayansa. Olivier Messiaen ya rubuta Visions de l'Amen na fiyano biyu a 1943, Faris tana hannun sojojin Jamus, domin ya sami ɗalibarsa Yvonne Loriod, wadda ba abin da ke gagarar yatsunta. Ya ba ta duk sassa masu wuya, ta kuma ci gaba da kaɗa ayyukansa har tsufanta. Frederic Rzewski ya rubuta The People United Will Never Be Defeated a 1975, juyi 36 a kan waƙar gwagwarmayar Sergio Ortega ta ƙasar Cile, kusan awa guda, inda har ake so makaɗi ya yi fito ya buga murfin fiyano. Ursula Oppens ce ta nema, ita ta fara kaɗa shi a Washintan a 1976, ta naɗe shi a faifai, wasu suka biyo. Ligeti ya sami Aimard, wanda ya zauna da shi yana koyon abin da yake nufi da kowace alama. Philip Glass ya soma rubuta darussansa na fiyano ne don ya gyara nasa kaɗawar, ya kai su 20 a 2012, amma sai da makaɗa irin su Maki Namekawa suka ɗauke su suka zama abin da kowa ke nema. Bayan makaɗin kuma akwai kamfanin ɗab'i da ke buga takardar tsaf, da bikin kiɗa da ke biyan kuɗin sabon aiki, da malamin da zai ɗora wa ɗalibi shi a jarrabawa. Bankole da Uzoigwe sun yi aiki a inda kusan duk waɗannan babu su.

Yanzu ga kiɗan hannu huɗu, wato mutum biyu a kan fiyano ɗaya, wanda nake ganin a cikinsa mafita take. Tsohuwar al'ada ce. Mozart ya kaɗa da yayarsa Nannerl tun suna yara. Schubert ya rubuta ɗaya daga cikin ayyukansa mafi taɓa zuciya, Fantasiya ta 1828, don hannu huɗu, a shekarar da ya rasu. Kafin zuwan garmaho, da wannan hanya iyalan Turai ke jin manyan kaɗe-kaɗen da ba su da halin zuwa zaure su saurara: a taƙaita aikin makaɗa tamanin, uwa da 'ya su zauna su kaɗa a falo. A 1912 Stravinsky da Debussy suka zauna kujera ɗaya suka gwada The Rite of Spring kafin duniya ta ji shi. Da faifai da rediyo suka zo sai buƙatar ta ragu, aka riƙa yi wa hannu huɗu kallon abin yara da masu koyo.

Ga wuya kuwa. Mai goge yana iya shigowa a hankali ya saje da abokinsa, amma sautin fiyano farat ɗaya yake fitowa, ko da ƙiftawar ido aka saɓa kowa zai ji. Feda mai tsawaita sauti mutum ɗaya ke takawa, galibi na hagu, ke nan numfashin waƙar da na dama ke kaɗawa yana ƙarƙashin ƙafar wani. Gwiwar hannu na gogar gwiwar hannu, yatsu na neman maɓalli ɗaya. Ba a iya fahariya a wannan zama.

Wanda ya dawo wa hannu huɗu da darajarsa a zamaninmu shi ne György Kurtág, abokin Ligeti tun suna samari a Budafes, wanda aka haifa a 1926. Mutum ne mai wahalar rubutu, yakan yi shekaru bai kammala komai ba. A 1973 wata malamar fiyano ta roƙe shi ya rubuta wa yara 'yan kaɗe-kaɗe. Daga nan Játékok, wato wasanni, ya samo asali. Kurtág ya tuna yadda yaro ke yi in ya tarar da fiyano ba kowa: ya ɗora tafin hannu, ya ja yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya danna sauti ɗaya ya tsaya yana sauraron yadda yake ɓacewa. Sai ya mayar da waɗannan su zama darasin farko, kafin a zo kan ɗaure yaro da lissafin yatsu. A hankali littafin ya zama kundin rayuwarsa. Ya kai juzu'i goma, cike da gaisuwa ga abokai, da ta'aziyyar waɗanda suka rasu, da tunawa da magabata, wasu ba su kai minti ɗaya ba. Juzu'i na huɗu da na takwas na makaɗa biyu ne.

Abokiyar kaɗawarsa matarsa ce, Márta, wadda ya aura a 1947. Sun yi shekaru suna zagaya zaurukan Turai da shiri ɗaya: gutsattsarin Játékok, a tsakaninsu kuma kaɗe-kaɗen Bach da Kurtág ya mayar na hannu huɗu. A shekarunsu na ƙarshe sukan zaɓi ƙaramin fiyano na tsaye irin na gida, su taka fedar da ke dusashe sauti, su juya wa jama'a baya. A wasu daga cikin kaɗe-kaɗen, Kurtág ya tsara yadda dole hannayensu su gitta juna, alhali da ya so zai iya raba sautukan ba tare da haka ba. Ya san abin da yake yi. Yana so kusancin jikin ya shiga cikin kiɗan, kowa ya ji nauyin hannun ɗan'uwansa kafin ya danna. Márta ta rasu a 2019, bayan aure na shekara 72. Abin da waɗannan tsofaffi biyu suka nuna shi ne sabon kiɗa ba dole sai da ƙaton zaure da gwanin da ba a taɓa gani ba. Yana iya rayuwa a ɗaki ɗaya, da fiyano ɗaya, da mutum biyu masu sauraron juna, kuma yana iya soma rayuwarsa a hannun yaro.

A nan nake ganin gurbin da ba a cike ba. Shahararrun ayyukan Euba da Bankole da Uzoigwe na makaɗi ɗaya ne, kuma masu wuya ne, sai wanda ya yi nisa. Amma dabarar da suke son kawowa kan fiyano, a asalinta, ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta jama'a ce. Duk wanda ya ga 'yan mata suna lugude ya san ta: turmi ɗaya, taɓare biyu ko uku, kowace na saukar da tata a ratar da ɗayar ta bari, kiɗan da ke fitowa kuma ba na kowace ɗaya ba ce ita kaɗai. Ligeti ya tilasta wa ƙwaƙwalwa ɗaya ta rabu biyu don ta yi abin da mutum biyu ke yi cikin sauƙi, wannan ne ya sa darussansa suka zama na 'yan ƙalilan. Hannu huɗu yana mayar da aikin ga yanayinsa na farko. Zubin da zai ɗauki makaɗi ɗaya wata shida, ɗalibai biyu na shekarar farko za su iya haɗa shi cikin mako biyu, kowa da nasa sassauƙan kashi, su kuma ji da kunnensu yadda abu na uku ke fitowa a tsakaninsu. Malami na iya zama a hagu ya riƙe gindi, ɗalibi a dama. Fiyano ɗaya ya ishe su, kuma a ƙasashen da samun ko guda ɗaya mai lafiya aiki ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An soma gyara, ya kamata a faɗa. J. H. Kwabena Nketia na Gana, wanda ya rasu a 2019 yana da shekara 97, ya rubuta wa fiyano kaɗe-kaɗe 12 na koyarwa. William Chapman Nyaho, makaɗi ɗan asalin Gana da ke zaune a Amurka, ya bi sawun takardun da suka warwatse ya tattara juzu'i biyar na kiɗan fiyanon Afirka da na 'ya'yanta da ke ƙetare, maɗaba'ar Jami'ar Okasfod ta buga, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, abin da malami ke buƙata ke nan. Fred Onovwerosuoke, wanda aka haifa a Gana a 1960 ga iyaye 'yan Nijeriya, ya rubuta darussa 24 a kan bugu daga sassan nahiyar, gajeru, masu daɗin kaɗawa, kuma su ne suka fi yaɗuwa. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta naɗi ayyukan Bankole da Onovwerosuoke da Christian Onyeji a faifanta Ekele na 2018, ta kuma kafa jerin wasannin kiɗan Afirka a Landan a 2019. Waɗannan su ne hannayen da aka daɗe ana jira. Sai dai a lura da inda suke: Amurka da Ingila. Takardar Uzoigwe ta fi sauƙin samuwa ga ɗalibi a Landan fiye da ɗalibi a Umuahiya.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, kayan kiɗan baƙi ne, na masu hali. Jita ma baƙuwa ce, haka na'urar situdiyo, ba wanda ya hana su zama 'yan gida. Matsalar gaskiya ta kuɗi ce da yanayi. Fiyano na katako ba ya son hunturu: busasshiyar iska na tsotse danshin allon da ke ƙara masa amo har ya tsage, damina ta zo ta kumbura shi, muryarsa ta karkace, masu gyaran murya kuma 'yan kaɗan ne. Amma yanzu akwai na lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi irin na asali, wanda ba ruwansa da hunturu, kuma ya isa a koyi duk abin da na ambata in ban da na Cage. Matasan da ke haɗa kiɗa a situdiyo suna da kunnen, suna saƙa zubi a kan zubi kullum, sai dai na'ura ce ke riƙe musu lokaci maimakon abokin zama.

Da ni ke da iko a Ƙungiyar Kiɗa ta Nijeriya, MUSON, wadda aka kafa a Legas a 1983, ko a sashen kiɗa na wata jami'a kamar ta Nsukka, ba zan fara da neman kuɗin babban taron makaɗa ba. Zan ware ɗan abin da ke akwai in biya masu tsara kiɗa biyar ko shida, daga sassa daban-daban na ƙasar, kowa ya rubuta gajerun kaɗe-kaɗen hannu huɗu guda goma, daga na mai wata uku da farawa zuwa na gwani, bayan ya zauna da makaɗan gargajiyar yankinsa kamar yadda Uzoigwe ya zauna da masu ukom, a kuma rubuta sunayen waɗannan makaɗa a kan takardar. A buga su da araha, a sa su a intanet, a shigar da su cikin jarrabawar kowace shekara. Sannan a tura wani ya nemi iyalan Bankole da na Uzoigwe, a ɗauki hoton duk rubutun hannun da ya rage kafin gara da danshi su riga mu.